Zamiya a kan ruwa: Yadda ake kewaya ƙwallo shida cikin daƙiƙa 16 da igiyar da ba ta kai ba

Cikin daƙiƙa 16 kacal jirgin ruwa mai gudun kilomita 58 a sa'a yake ratsa fili mai tsawon mita 259, yana jan mutum guda da ke tsaye a kan allo ɗaya, ƙafarsa ɗaya a gaban ɗaya. Aikin mutumin shi ne ya kewaya ƙwallaye shida da aka ɗaure suna iyo a saman ruwa, uku a dama, uku a hagu, ba tare da ya faɗi ko igiya ta kuɓuce masa ba. Idan ya kammala lafiya, ladarsa ita ce a rage masa tsawon igiyar, a sake maido shi filin.

Wannan shi ne silalom, ɗaya daga cikin manyan rassa uku na wasan zamiya a kan ruwa. Sauran biyun su ne tsallen nisa daga kan wani tudu da ake girkawa a ruwa, da kuma wasan juye-juye a kan gajeren allo.

Duk wanda ya taɓa cin karo da bidiyon wasan a intanet, abin da ke fara ɗauke masa hankali shi ne katangar ruwa da ke tashi idan ɗan wasa ya kwanta a gefen ƙwallo, kafaɗarsa na neman taɓa ruwa. Masu koyarwa kuwa wani wurin suke kallo. A wurinsu, abin da zai faru a gaban ƙwallo an riga an yanke shi tun a bayan jirgi, daƙiƙa ɗaya kafin a isa. Wanda ya fahimci haka zai gane dalilin da ya sa allon wasan yake da siffar da yake da ita, da dalilin da ya sa ba kowane jirgi mai gudu ne ya dace da shi ba.

Daga tafkin Pepin

A watan Yunin 1922 ne wani saurayi ɗan shekara 18 mai suna Ralph Samuelson, mazaunin garin Lake City a jihar Minesota ta Amurka, ya ƙudurta cewa tunda ana zamiya a kan ƙanƙara, babu abin da zai hana a yi ta a kan ruwa. Ya fara gwadawa da katakan ganga, ba su ɗauke shi ba. Ya koma kan allunan zamiyar ƙanƙara, su ma suka nutse da shi. Daga nan ya sayo katakai biyu masu tsawon ƙafa 8 da faɗin inci 9, ya dafa bakunansu cikin tafasasshen ruwa har suka lanƙwasu sama, ya sa musu maɗauri na fata. Ɗan'uwansa Ben ne ya riƙa jan sa da jirgi a tafkin Pepin, wurin da kogin Misisipi ya buɗe ya yi faɗi. Bayan kwanaki yana shan ruwa, ranar 2 ga Yuli ya miƙe a saman tafkin. Abin da ya gano shi ne idan ya jingina baya ya ɗaga bakunan katakan sama da ruwa, jirgin da kansa zai ɗago shi. Har gobe da wannan darasi ake fara wa sabon shiga.

Samuelson bai yi rajistar mallakar fasaharsa ba. Wani mutumin jihar New York, Fred Waller, shi ya yi rajistar allunan zamiyar ruwa a 1925, kuma sai a 1966 aka amince a hukumance cewa Samuelson ne uban wasan. An kafa ƙungiyar wasan ta Amurka a 1939, aka kafa ta duniya a birnin Jeniba a 1946, wadda yanzu ake kira IWWF. Gasar duniya ta farko an yi ta a Juan-les-Pins da ke kudancin Faransa a 1949. Sau ɗaya wasan ya leƙa gasar Olamfik, a matsayin wasan nuni, a birnin Kiel na Jamus a 1972, kuma bai sake komawa ba. Daga cikin abin da ake ganin ya tsaya masa har da dogaronsa ga inji.

Fili da igiya

Awon filin silalom ɗaya ne a duk duniya. Ana shiga ta wata ƙofa da ƙwallaye biyu suka shata, mai faɗin mita 2.5. Daga ƙofar zuwa daidai ƙwallo na farko, wanda ke hannun dama, mita 27 ne. Daga kowane ƙwallo zuwa daidai na gabansa mita 41 ne, sannan wasu mita 27 daga na shida zuwa ƙofar fita. Jirgi yana bi ta tsakiya, cikin wani siririn layi da ƙwallaye masu ruwan ɗorawa suka killace masa. Su kuwa ƙwallayen kewayawa, waɗanda girmansu kusan na ƙwallon ƙafa ne, kowanne yana nesa da tsakiyar filin da mita 11.5. Mai karatu ya riƙe wannan adadi, domin a kansa wasan ya ginu.

Duk lokacin da ɗan wasa ya kammala ƙwallaye shida, sai a ƙara gudun jirgi da kilomita 3, har a kai iyaka: kilomita 58 a sa'a ga maza, 55 ga mata. Daga nan ba a ƙara gudu, sai dai a riƙa rage igiya. Cikakkiyar igiya mita 23 ce, amma a gasa tsawon farko shi ne mita 18.25. Daga shi sai 16, sai 14.25, sai 13, sai 12, sai 11.25, sai 10.75, sai 10.25, sai 9.75. Kowace gaɓa da launinta, don kada alƙalin da ke cikin jirgi ya ruɗe wajen maƙala ta. Amurkawa kuma hanyar ƙirgarsu daban ce: suna faɗin yawan ƙafafun da aka cire daga igiya mai ƙafa 75, saboda haka abin da Bafaranshe zai kira mita 11.25, Ba'amurke zai ce an cire 38.

A mita 11.25 ne al'amari ke sauya kama. Igiyar, haɗe da mariƙinta, ko an miƙe ta sambal zuwa gefe ba za ta kai ƙwallo ba. Abin da ya rage dole ɗan wasa ya cike shi da tsawon hannunsa da na jikinsa, ya kwanta ya miƙa allon ya zagaya ta bayan ƙwallon. A mita 9.75 giɓin ya kai mita 1.75, wato tsawon namiji matsakaici. Shi ya sa dogaye ke da rinjaye a ƙarshen gasa. A wannan tsawo ne Ba'amurke Nate Smith ya kafa tarihin duniya a 2013 da ƙwallo biyu da rabi, tarihin da ya shafe fiye da shekara goma ba a karya ba. A ɓangaren mata, Regina Jaquess, wadda sana'arta haɗa magunguna ce, ta kai ƙwallo biyar a mita 10.25 a shekarar 2023. Kafin su, ɗan Birtaniya Andy Mapple ya lashe kambun duniya sau shida tsakanin 1981 da 2001.

Rabin ƙwallo da aka ambata ba almara ba ce. Ana bayar da rabi ga wanda ya kewaya ƙwallo ya juyo amma ya faɗi kafin ya dawo layin jirgi, ana kuma bayar da cikakken maki ga wanda ya dawo yana tsaye da mariƙi a hannu. Faɗuwa ɗaya ko kuskuren ƙwallo ɗaya ya kawo ƙarshen wasan mutum a wannan zagaye. Ƙwararru sukan fara daga wajen mita 13 don kada su ƙarar da ƙarfinsu a kan dogayen igiyoyi.

Inda ake cin wasan

Lissafi mai sauƙi zai nuna nauyin da ke kan ɗan wasa. A cikin daƙiƙa biyu da rabi da jirgi ke cin mita 41, shi dole ya ci aƙalla mita 47, domin bayan tafiyar gaba akwai ƙetaren mita 23 daga ƙwallo zuwa ƙwallo. Matsakaicin gudunsa ke nan ya haura kilomita 66 a sa'a. Tunda kuma sai ya rage gudu kafin ya iya juyawa, to a tsakiyar hanya dole ya zarce haka nesa ba kusa ba.

Hanya mafi sauƙi ta gane motsin ita ce a tuna yaro a kan lilo. Igiyar zamiya a ɗaure take da wani turke na ƙarfe da ke tsakiyar jirgi, ɗan wasa kuma yana lilo ne a kewayen turken, daga dama zuwa hagu. Yaron da ke son lilonsa ya yi sama, a lokacin saukowa yake sa ƙarfi. In ya kai ƙololuwa babu abin da ya rage masa sai ya jira. Haka ɗan zamiya: daga ƙwallo zuwa tsakiyar sawun jirgi nan ne wurin neman gudu. Gudun da ya tara a nan shi zai cilla shi ɗaya gefen, ya hau har ya kusa yin kafaɗa da kafaɗa da jirgin, wanda da gajeriyar igiya ita ce kaɗai hanyar isa ƙwallo.

Sawun jirgi kuwa kunyoyi biyu ne na ruwa, kamar kunyar gona, da farin kumfa a tsakaninsu. Ana so a ratsa su da allo a karkace a kan gefensa, yana yanka kamar wuƙa. Wanda tsoro ya sa ya shimfiɗe allonsa a gaban kunya ta farko, kunyar za ta jefa shi sama, ya sauka ba gudu, ba kusurwa.

Yadda jiki ke tsayawa a wannan ɗan taƙi shi ne ginshiƙin komai. Hannaye a miƙe, gwiwar hannu a manne da haƙarƙari, mariƙi kusa da ƙugu, ƙirji a sama, gwiwoyi a ɗan lanƙwashe. Daga idon sawu zuwa ƙugu zuwa kafaɗa ya zama layi ɗaya da ya jingina yana gujewa jirgi. Da wannan tsayuwa, jan jirgin, wanda kan ninka nauyin jikin mutum, yana bi ta ƙashi ya sauka a kan allo ya koma gudu. Wanda ya lanƙwashe a ƙugu ya bar ɗuwawu a baya, jan zai tsaya masa a kafaɗa da gadon baya, ya kife shi ta gaba. Wanda kuma ya tanƙwara hannu yana ƙoƙarin jawo jirgi, ya shiga ja-in-ja da inji mai ƙarfin doki ɗaruruwa, kuma ba a taɓa jin wanda ya yi nasara a wannan kokawa ba.

Da an wuce kunya ta biyu sai allo ya mirgina daga wannan gefe zuwa wancan, ya fita daga ƙarƙashin mutum yana neman waje. A nan ƙwarewa ke bayyana. Gwani yana ci gaba da riƙe mariƙi da hannu biyu kusa da jikinsa na ɗan lokaci, don kada jirgi ya jawo shi ciki. Sai ya kusa ƙarshen hawansa yake sakin hannun waje, ya miƙa mariƙin da hannu ɗaya, nauyinsa ya koma kan ƙafar gaba. Yawan allon da ya shiga ruwa shi ke rage gudu, shi ne kuma ke zana baka. Idan allon ya gama zagayowa ya dawo ƙarƙashin igiya, sannan hannun da aka saka ya koma mazauninsa.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ci gaba da ja bayan an wuce kunya ta biyu. Mai yin haka yana jin tsoron kada ya kasa kai wa ƙwallo, sai ya iso shi da gudun da ya wuce na jirgi. Igiya ta saki ta kwanta a ruwa, ya juya babu abin dogara, sannan jirgi ya fizge ta gaba ɗaya. Ko dai mariƙin ya tsere daga hannu, ko a yi sa'a a riƙe amma a makara zuwa ƙwallo na gaba, wanda zai tilasta a sake yin dogon ja. Makara a ƙwallo na ɗaya kan ƙaru a na biyu, kafin na huɗu an tashi wasa. Wannan ne ya sa masu horarwa ke ɓata lokaci mai yawa a kan ƙofar shiga: lokacin da za a buɗe zuwa hagu, nisan da za a yi da jirgi, da lokacin da za a juyo. Akwai ma wasu ƙwallaye kore guda biyu mita 55 kafin ƙofa, waɗanda aikinsu shi ne taimaka wa direba ya daidaita, ɗan wasa kuma ya auna lokacinsa.

Wani abin lura shi ne babu wanda gefunansa biyu suka zo daidai. Tunda ƙafa ɗaya ce a gaba, ƙugu yana fuskantar gefe guda. Mai ƙafar dama a gaba yana jin daɗin ƙwallo na 2 da na 4 da na 6, yana shan wahala a na 1 da na 3 da na 5, domin a can sai ya murɗa ƙugunsa kafin ya fuskanci jirgi. Mai ƙafar hagu a gaba akasin haka ne.

Duk wannan na wanda ya riga ya miƙe ne. Sabon shiga da alluna biyu yake farawa, a gudun da bai wuce kilomita 30 zuwa 35 ba. Yana zaune cikin ruwa, gwiwoyi a ƙirji, hannaye a miƙe, bakunan alluna a sama, ya bar jirgi ya ɗago shi ba tare da ya yi gaggawar tashi ba. In ƙafa ta zauna sai ya koyi zare ƙafa ɗaya ya yar da allo guda yana cikin tafiya, daga baya ya koyi tashi da allo ɗaya tun daga cikin ruwa. Tsakanin wannan mataki da kewaya ƙwallo shida, mutane da yawa sukan shafe shekaru.

Allo da sauran kaya

Allon silalom na manya tsawonsa kan kama daga inci 63 zuwa 70. Na zamani cikinsa soso ne mai tauri, an naɗe shi da zaren kabon ko zaren gilashi. Ƙasansa a kwarɓe yake kamar kwatami, abin da ke sa ya kama ruwa in an karkata shi. Gefunansa an ɗan fere su, kuma yadda aka fere su ke nuna ko zai nutsa cikin ruwa ya tsaya daram ko zai hau sama ya yi sauri. Sannan yana da lanƙwasa daga baki zuwa wutsiya: mai lanƙwasa da yawa ya fi saurin juyawa, mai kaɗan ya fi gudu a miƙe.

A ƙarƙashin wutsiya akwai wani harshe na ƙarfe da ke hana bayan allo zamewa, a jikinsa kuma an maƙala ɗan fiffike mai taimakawa wajen rage gudu kafin juyawa. Ƙwararru suna auna zurfin harshen da tsawonsa da nisansa daga wutsiya da ma'aunin makanikai, har zuwa kashi ɗaya cikin dubu na inci. Ga mai koyo, wannan tarko ne. Sau da yawa mutum zai yini yana kwance harshe yana ɗaurawa, alhali ƙugunsa ne ke baya. Awon da kamfani ya bayar ya isa har sai tsayuwa ta gyaru.

Abu biyu ke yanke hukunci a kan girman allo: nauyin mutum da gudun da yake wasa a kai. Mai nauyi yana buƙatar dogo. Mai wasa a ƙaramin gudu yana buƙatar mai faɗi, domin in gudu ya ragu siririn allo nutsewa yake. Kamfanoni irin su HO da Radar da D3 da Goode da Connelly suna ƙera na gasa, wanda kuɗinsa kan kai dala 2,000, suna kuma ƙera masu faɗi da sauƙin hali a farashin da bai kai haka ba. Allon gasa an yi shi ne don kilomita 55 zuwa 58. Wanda ya saye shi yana tafiya a kilomita 46 ya sayi wahala da tsada, kamar a ɗora ɗan koyo a kan dokin sukuwa.

Takalmin da ke kan allo ya fi allon kansa muhimmanci wajen lafiyar jiki. Wasu suna sa takalma biyu, wasu takalmi a gaba da ɗan maɗaurin yatsu a baya. Akwai na roba, akwai kuma masu tauri da aka yi musu maɓalli mai sakin ƙafa idan an faɗi. Kowanne aka zaɓa, tambayar ita ce ko zai saki ƙafa a lokacin da ya kamata. Takalmin da aka matse shi ya wuce kima shi ke karya idon sawu ko tsinka jijiyar agara idan bakin allo ya caki ruwa mutum ya wuce ta gaba. Safar hannu kuwa tilas ce ga mai son fatar tafinsa.

Jirgin da ya dace

Jirgin silalom na asali tsawonsa kusan mita 6 ne. Injinsa, galibi mai silinda takwas, a tsakiyar jirgi yake zaune, sandarsa ta miƙe kai tsaye zuwa farfela da ke ƙarƙashin ciki. Ajiye nauyi a tsakiya na sa jirgi ya kwanta daidai a kan ruwa, ƙasansa kuma kusan a shimfiɗe yake ta baya, don haka kunyoyin da yake bari ƙanana ne masu taushi. Turken igiya a gaban inji yake, kuma a ƙarƙashinsa akwai wasu harsuna na ƙarfe da ke hana ɗan wasa mai ƙarfi karkatar da jirgin daga layinsa.

Kamfanoni uku na Amurka ne suka mamaye manyan gasa: Correct Craft na jihar Filorida, wanda ya fito da Ski Nautique a 1961, da MasterCraft da aka kafa a 1968 mai ƙera ProStar, da Malibu da aka kafa a 1982 mai ƙera Response. Sabon jirgi daga cikinsu yanzu ya haura dala dubu 100, abin da ya sa mutane da yawa ke haɗa kuɗi a kulob ko su nemi na hannu.

A nan ne masu saye ke yawan faɗawa rami. Su waɗannan kamfanonin suna ƙera wasu jiragen masu kama da na silalom a ido, amma injinsu a baya yake, kuma suna da tankunan da ake cikawa da ruwa don a ƙara musu nauyi. An yi su ne don wasannin da ake tsalle ko hawa a kan kunyar jirgi, saboda haka burinsu shi ne tayar da ƙatuwar kunya. Sun fi faɗi, sun fi ɗaukar iyali, amma ratsa sawunsu a kan allo ɗaya da gudu kamar bi ta kan tudun rage gudu ne ba tare da taka birki ba. Shi kuwa ƙaramin jirgi mai injin rataye a baya ya isa koyo da wasan nishaɗi matuƙar yana da ƙarfin ɗago mutum cikin hanzari. Rauninsa shi ne da ɗan wasa ya fara ja da gaske, zai riƙa karkatar da bayansa yana rage masa gudu.

Daidaiton gudu shi ne abin da ya fi sauya wasan a 'yan shekarun nan. A da direba da hannunsa yake riƙe maƙura, alƙali na auna lokaci da agogo, kuma in gudu ya kauce sai a maimaita. A shekarun 1990 na'urar PerfectPass ta karɓi wannan aiki, daga baya Zero Off mai aiki da tauraron ɗan'adam ta zama ita ce ta gasa. Tana riƙe jirgi ya ratsa fili cikin daƙiƙa 16.08 ga maza, 16.95 ga mata. Ɗan wasa ma yana iya zaɓar harafi da lamba, daga A zuwa C da 1 zuwa 3, waɗanda ke nuna lokacin da inji zai mayar da martani ga jansa da kuma yadda zai mayar. Duk da haka sitiyari na hannun direba. Karkatar 'yan santimitoci zuwa wajen ƙwallo taimako ne ga ɗan wasa, shi ya sa ba a amincewa da sabon tarihi sai an binciki hanyar da jirgi ya bi.

Tsaro da ruwan da ake wasa a ciki

Ƙa'idar da aka saba ita ce mutum biyu a jirgi: direba mai kallon gaba, da mai lura wanda ya juya yana kallon ɗan wasa. Da hannu ake magana. Babban yatsa sama na nufin a ƙara gudu, ƙasa a rage, shafa wuya da tafin hannu a kashe inji, haɗa hannaye a saman kai bayan faɗuwa kuma na nufin lafiya lau. Ba a kusantar wanda ke cikin ruwa ta gefen da direba ba ya gani, kuma ba ya hawa jirgi sai an kashe inji, saboda farfela da kuma hayaƙin salansa mai guba da ke taruwa a bayan jirgi.

Akwai bambanci tsakanin rigar kariya daga nutsewa da siririyar rigar da ƙwararru ke sawa. Ta ƙwararru tana kare haƙarƙari daga dukan ruwa kuma ba ta takura jiki, amma ba a yi ta don ta riƙe wanda ya suma a saman ruwa ba. Su suna da jirgi da masu ceto a kusa. Wanda ba shi da wannan gata, cikakkiyar riga ce tasa. Wani haɗarin da ba a cika ambata ba shi ne hannu ko kai ya shige cikin kusurwar da ke tsakanin mariƙi da igiya a lokacin faɗuwa, abin da ya sa wasu ke toshe kusurwar da wani marufi.

Shi wasan ruwa mai lafawa yake so, sumul kamar madubi. Don haka a Amurka, musamman kewayen birnin Orlando na Filorida, da Turai da Ostireliya, ake haƙa tafkuna na musamman masu tsawon mita 600 zuwa 700, da ɗan tsibiri a kowane ƙarshe inda jirgi ke juyawa, da gaɓa mai gangare don raƙuman ruwa su mutu a can kada su dawo fili. Masu wasa a tafkin jama'a kuwa da asuba suke fita, kafin iska ta tashi. Iskar ma tana da hukunci: in daga baya take busowa tana ingiza mutum ya iso ƙwallo da gudu fiye da yadda ya so, in daga gaba ce tana tare shi, sai ya ƙara ja.

A Najeriya wasan bai samu gindin zama ba, ko da yake jiragen shaƙatawa masu gudu ba baƙi ba ne a ruwan Legas. Wanda ya yi sha'awar gwadawa a manyan madatsun ruwa irin su Kainji, ya sani cewa akwai kututturan itatuwa da ruwa ya rufe, akwai tarun masunta, akwai kuma cutar tsargiya a ruwan daɗi da dama. Kafin a jefa igiya, sai an bi hanyar da jirgi a hankali tare da masuncin da ya san wurin, an tabbatar zurfin ruwan ya kai aƙalla mita ɗaya da rabi tun daga farkon layi har ƙarshensa.